Ashana Uku a Cikin Bango

Yau kwana shida ke nan rana ba ta fito sosai ba. Markar bana ta zauna mana a Kaduna, wanki ba ya bushewa, gishiri ya narke a cikin kwalba. Jiya da la'asar ina zaune a bencin baya a ajinmu na yaƙi da jahilci, wanda ake ara mana a firamaren unguwa bayan yara sun tashi, sai na jingina da bango. Da na ɗago, rigata a bushe take. Amma hancina ya riga ya ji wani abu. Akwai warin da bango yake yi idan ya sha ruwa ya ɓoye, irin na randar da aka daɗe ba a wanke ba. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sautin ya mutu a ciki. Daga nan ban ƙara jin abin da Malama take faɗa ba. Hankalina ya koma unguwar Nasarawa, shekarar da ruwa ya shiga gidan Alhaji Mamman.

Zamanin soja ne, lokacin da ake bin layi a kan komai. Sabulu layi, madara layi, kananzir layi, ga soja tsaye da bulala kada wani ya tsallake. Siminti sai wanda ya san wani. Ashana ma ta yi wuya. Mace takan naɗe kwalinta a leda ta soke a cikin ɗankwali, in maƙwabciya ta roƙa ta zaro mata tsinke biyu tana harararta.

Ni birkila ne, lokacin ban kai talatin ba. Ina haya a gidan da matata Hajara da 'yarmu Asabe, wadda ba ta fara zama ba tukuna. Gidan ɗaki takwas ne, a gangaren da ya nufi kogi. Huɗu na gaba, kusa da zaure, suna kan tudu, namu yana ciki. Huɗu na baya suna ƙasa. Wanda ya kalli gidan daga waje zai rantse da bulo aka gina shi. Tubalin ƙasa ne, aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka bi da farar ƙasa.

Ruwan bai zo da iska ba. Kwana da kwanaki yana sauka a hankali, har ƙasa ta ƙoshi. Wata safiya muna alwala muka ga kwatar gidan tana gudu da baya. Maimakon ta fitar da ruwa, shigo da shi take yi, ja, da kara da takalman roba da mushen kaza. Kafin hantsi ya kai gwiwa a ɗakunan baya. Muka yi ta jidar kaya a ka, katifu, akwatuna, tukwane. Maman Tani, wadda take aiki a masaƙa a Kakuri, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ta fito da buhun masararta tana kuka tana zagin kogin kamar mutum ne. Ruwan ya kwana biyu a tsaye kafin ya janye, ya bar laka mai kauri da wari.

Aka raba kwana. Maza muka tare a zaure, mata da yara suka cika ɗakunan gaba. A ɗakina mutum goma sha ɗaya suke kwana, har da Maman Tani da 'ya'yanta. Itace ya jiƙe, gawayi ya jiƙe, masarar ta fara tsiro a cikin buhu. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a kan risho ɗaya, a dama kunu tsararo, kowa ya samu ludayi biyu. Da rana garin kwaki da ruwa, in an samu ƙuli-ƙuli an yi biki.

Kwanakin farko akwai zumunci, ba zan ɓoye wannan ba. Muka kwashe laka da kwanuka da tasoshi, muna miƙa wa juna har bakin titi. Mata suka wanke daɓe. Aka shanya katifu a kan kwanon rufi. Sai Sule direba, wanda yake jan bas tsakanin Kakuri da kasuwa, ya kawo shawara. Ya samo busasshen gawayi rabin buhu, aka hura kasko-kasko aka ajiye a ɗakunan baya, aka rufe ƙofofi. Kwana uku ana yi. Da aka buɗe, bango ya yi fari tas, in ka taɓa har ɗumi yake yi. Mata suka yi guɗa.

Ranar nan Alhaji Mamman, mai gidan, ya zo daga Tudun Wada a motarsa. Ya zagaya yana ɗage babbar riga, ya shafa bango da tafin hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi. Garba, ka bi su da farar ƙasa gobe, jibi kowa ya koma ɗakinsa."

Na shiga ɗakin Maman Tani na ƙwanƙwasa bango daga sama zuwa ƙasa. A sama yana amsawa, ƙas-ƙas. Daga ƙugu zuwa ƙasa sai ya yi dum, kamar kana bugun kabewa.

Na ce, "Alhaji, fatar ce ta bushe. Wutar kasko ba ta wuce siminti ba. Ƙasar da ke ciki tana nan da ruwanta, kuma simintin ya hana ta numfashi. Ita ce ke ɗauke da rufin. Abin da ya kamata, a tokare rufin da katako, a ɓamɓare shafen daga ƙugu zuwa ƙasa, a bar shi ya sha iska."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "A ɓamɓare? Da wane simintin za a mayar? Kai za ka haifa mini shi? To ka ji da kyau, a gaban kowa nake faɗa. Duk wanda ya fasa mini bango, ranar zai kwashe kayansa."

Na ce to ya bar ni in huda da ƙusa kawai, in gwada. Ya ce ƙusa dai ƙusa, kada ya ga guduma ta taɓa shafe.

Gwajin na koye shi a wurin maigidana na farko, wani tsoho Banufe da ya koya mini gini. Ana samun doguwar ƙusa a huda bango kamar taƙi ɗaya daga daɓe, har ta wuce siminti ta shiga ƙasa. A zura tsinken ashana uku, kawunansu a ciki. A toshe bakin ramin da sabulu. Da safe a zaro a ƙyasta. In ta kama, bango ya bushe har zuciyarsa. In kan ya marmashe, ruwa yana nan. Tsohon yakan danna babban yatsansa a kan sabulun in ya gama, ni ma na ɗauki wannan. Lokacin ban iya rubuta ko sunana ba, duk inda aka ce in sa hannu yatsa nake dangwalawa, to a bango ma haka.

Ashanar Hajara na ɗauka. Washegari gidan duka suka taru a ƙofar Maman Tani. Na cire sabulu, na zaro tsinke, na ƙyasta. Kan ya goge a jikin kwalin kamar jan alli. Na biyu haka, na uku haka.

Na ce, "Da saura."

Sule ya ce, "Saura kwana nawa, Injiniya?"

"Ban sani ba. Sai abin da ashana ta ce."

"Ashana ta ce! Jama'a kun ji, yanzu ashana ce mai gidan."

Aka yi dariya. Wannan ce dariya ta ƙarshe da aka yi da ni a gidan, sauran duk a kaina aka yi su.

Alhaji ya ce shi bai hana kowa komawa ba, amma tunda birkila ya yi magana a gaban shaidu, in wani abu ya faru ba ruwansa. Wannan maganar ta ɗaure kowa. Ba mai son ya fara shigar da 'ya'yansa, kuma ba mai son ya ƙara kwana a cunkushe. Sai haushin duka ya dawo kaina.

Kullum da yamma in zura uku, kullum da safe su ƙi kamawa. Ruwa ya dawo yana yayyafi. Ɗakina ya koma warin fitsarin yara da jiƙaƙƙen tsumma. Fumfuna ta hau takalma. Sauro ya samu gida. Asabe ta kama tari, ƙuraje suka feso mata a wuya. A zaure in na shigo sai hira ta mutu. Wanda yake kwana kusa da ni ya ja tabarmarsa gefe. Suna suka sa mini, Boka. In zan fita aiki sai in ji daga baya, "Boka, a gaishe da aljanun bango."

Rana ta biyar Maman Tani ta tare ni a tsakar gida, ta dawo daga aiki ko kayan masaƙa ba ta cire ba.

"Malam Garba, tsaya. Nawa Alhaji ya ce zai ba ka?"

"Na me, Maman Tani?"

"Kada ka maida ni yarinya. An ce ma'aikatan matatar mai suna neman ɗakuna ta ko'ina. Ku gajiyar da mu mu tashi da kanmu, ya yi fenti ya zuba su. Ko ƙarya ne?"

"Alhaji da ya ce zai kore ni?"

"Wasa ne kuka shirya! Ko kuma aikin rushewa da ginawa kake nema wa kanka. Mutum ko makaranta bai yi ba, ya zo yana duba mana bango da tsinke. Mu ashanar da za mu dafa wa yara abinci ba mu da ita, kai kana ciyar da bango uku-uku kullum!"

Na ce, "Gadon yaranki a jikin bangon nan yake."

"Kada ka ƙara sa bakinka a kan yarana."

Na wuce abina. Tsohon da ya koya mini aiki yakan bar mai gini ya gama faɗansa, sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Haka na yi. Da yamma na zura uku.

Abin da ban lura da shi ba, ni da safe nake fita, Hajara ita ke wuni da su. In ta ɗora tukunya a ce matar Boka ta tare murhu. In Asabe ta yi tari a ce ai ubanta ne ya jawo. A ɗakinta, a kan tabarmarta, ake juya mata baya. Rana ta bakwai ta same ni a bakin rijiya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, kwalin ya kusa ƙarewa."

"Zan nemo wani."

"Ba kwalin ba ne. Ka dubi wuyan yarinyar nan. Ka ce musu ya bushe mana. Gidaje nawa ruwa ya shiga a layin nan, duk sun koma, wanne ya faɗi?"

"Nasu na bulo ne, Hajara."

Ta ɗauki bokitinta ta tafi.

Rana ta tara ta kama Asabar ɗin share gari, ba mai fita sai an gama, saboda haka kowa yana gida. Alhaji ma ya zo da wuri, tun kafin a tare hanya. Na tsuguna a ɗakin Maman Tani, mutane sun cika ƙofa har sun tare haske. Na kai hannu zan cire sabulun, sai na tsaya.

Shatin yatsan da ke kai ba nawa ba ne. Nawa faffaɗa ne, siminti ya cinye zanensa. Wannan ƙarami ne, kuma akwai layi ɗaya da ya raba shi a karkace. Na san layin. Wuƙa ce ta yanki Hajara tana yankan kuɓewa, watanmu biyu da aure, ni na ɗaure mata da tsumma.

Sule ya ce, "Boka, yau sai an yi turare ne? Buɗe mana."

Na cire sabulun na murƙushe shi a tafin hannuna. Na zaro tsinke. Tun a yatsa na ji shi, busasshe ne kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Na ƙyasta. Ya kama fau, bugu ɗaya.

Gidan ya ɗauki ihu. Mata suna guɗa, Sule yana tafi yana cewa aljanu sun yi sallama. Maman Tani ta ce da babbar 'yarta, "Tani, jeki ɗauko katifa." Alhaji ya ce, "To, Garba, ashanarka ta yi magana. Sai farar ƙasa."

Na ɗaga kai. Hajara tana can baya da Asabe a kafaɗa, tana kallon ƙasa.

Na riƙe tsinken har wutar ta kusa yatsana. In na ce an canza ashana, za a ce wa ya canza, kuma sai na nuna, a gaban matan da suka kwana tara suna cin naman matata. In na ce a sake gwadawa gobe, ba mai saurarona, ni da bakina na ce sai abin da ashana ta faɗa. In na yi shiru, yau yara uku za su kwanta da kawunansu a gindin bangon nan.

Jakar kayan aikina tana bakin ƙofa. Na miƙe na ɗauko guduma.

Alhaji ya ce, "Garba! Ka tuna abin da na ce."

"Na tuna, Alhaji."

Na buga a daidai inda kan gadon yake tsayawa. Bugu na farko shafen ya tsage. Na biyu wani ɓangare kamar faifai ya ɓallo ya faɗi. Abin da ke bayansa ba tubali ba ne kuma. Baƙar laka ce mai sheƙi, ta fara kumburowa waje a hankali, wari ya cika ɗakin. Na tura hannuna, ya shige har wuyan hannu ba tare da na yi ƙarfi ba. Da na zaro, ruwa ya biyo ramin yana gangarowa kan daɓen da aka wanke. Daga sama, inda katakon rufi ya zauna a kan bango, ƙasa ta zubo kaɗan.

Tani tana tsaye da katifa a ka.

Maman Tani ta matso, ta tsuguna, ta zura nata hannun. Ta daɗe tana kallon lakar a yatsunta. Ta juya ta dubi Alhaji, ta yarfe hannun, lakar ta fantsama a gaban farar rigarsa. Sannan ta juyo kaina. Na ɗauka ko sannu za ta ce.

"Kana da guduma tun ranar farko," in ji ta, "ka bar mu kwana tara muna shaƙar warin juna saboda tsinke? Allah ya isa, Malam Garba. Yanzu ina zan kai su?"

Sule ya ce, "To ita ashanar ƙarya ta yi ke nan?"

Na ce, "Ni na yi kuskure wurin toshewa."

"Ashe dai Bokan ma bai iya ba."

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya goge rigarsa da hankici, ya ce, "Ka fasa mini bango a gaban jama'a. Kafin Juma'a ina son makullina."

Ba wanda ya roƙe shi. Mutanen baya suka watse cikin satin, wasu Kakuri, wasu Makera wurin 'yan'uwa. Maman Tani ta tafi da yaranta a bayan akori-kura, ta wuce ni a ƙofar gida ko kallo ban samu ba. Na ji daga baya an tokare rufin an sake gina bangon bayan damina, wani birkila aka kira.

Mu ma ranar Alhamis muka ɗora kayanmu a kura, ina turawa, Hajara tana biye da goyo, ana yayyafi. Wani abokin aikina ya samo mana ɗaki ɗaya a Makera, ƙarami, tagarsa ba ta rufuwa. Da muka sauke kaya ta ajiye risho a tsakar ɗaki, ta zauna a gabansa. Sai ta kwance bakin zanenta. Tsinken ashana uku ne a ƙulle, kawunansu sun yi duhu.

Ta ce, "Ka gani, ko?"

"Na gani."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa?"

Ta ɗauki kwalin, babu komai a ciki, ragowar ta ƙare a bango. Ta ƙyasta na farko, kan ya marmashe. Na biyu ya karye. Na uku ta riƙe shi ta daɗe, ta hura masa iska, ta goga a gashinta kamar yadda mata suke yi, ta ƙyasta. Ko hayaƙi bai yi ba, kwana biyar bayan fitowarsa daga bangon. Ta sa fuska a gwiwa. Na ɗauki murfin kwano na fita neman garwashi a wurin maƙwabtan da ban san sunansu ba tukuna.

Yanzu gidajen gangaren nan duk bulo ne, kuma na ga yaran da suke aikin gyara suna da wani ɗan ƙarfe mai batir da suke dannawa a bango ya nuna musu lamba. Ashana kuwa ko a shagon lungu sai ka ɗauki kwali goma ba mai tambayarka. Asabe tana da 'ya'ya huɗu, tabon ƙurajen yana nan a wuyanta. Hajara ba ta taɓa sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Jiya da aka tashi daga aji na ce da Malama a janye bencin baya daga jikin bango. Ta shafa shi da hannu, ta ce, "Baba Garba, ai a bushe yake." Sauran 'yan ajin suka fara gunaguni, wai gaba ta riga ta cika, ina za su zauna. Ban yi gardama ba. Yau da zan fito na tambayi Hajara ashana. Ta dube ni, ta dubi ƙusar da ke hannuna, ta zaro uku ta ba ni, ta gutsuro sabulu ta ɗora a kai.

Ta ce, "In ka toshe, ka danna da kyau."